Bitar sabis ɗin 1.1.1.1 na Cloudflare a kan kwamfutar da ta ƙi shiga intanet

Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta wayi gari tana nuna cewa ta haɗu da Wi-Fi, alamar ta cika fal, amma duk shafin da na nema sai burauza ta ce ba ta gano adireshinsa ba, alhali wayata tana buɗe komai a kan layin guda. Wannan ne ya kai ni ga gwada sabar sunaye (DNS) ta kamfanin Cloudflare, wadda aka fi sani da 1.1.1.1, kuma tun daga lokacin nake amfani da ita.

Kafin na taɓa saiti, sai da na tabbatar da inda ciwon yake, domin ba a sha magani kafin a san cuta. Na buɗe tagar umarni ta Windows na rubuta ping 8.8.8.8, umarnin da ke gwada ko saƙo na kaiwa wata saba a intanet, amsa ta dawo nan take, wato hanyar fita intanet lafiya lau take. Da na rubuta nslookup wikipedia.org kuwa, wato umarnin da ke neman adireshin shafi, sai ta yi ta jira har lokaci ya ƙare. A nan na gane cewa matsalar tana wajen DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambobin adireshin IP da kwamfuta ke fahimta. Umarnin ipconfig /all ne ya fito da mai laifin fili: wata manhajar VPN da na cire kwanaki kafin nan ta bar adireshin sabarta a cikin saitin katin Wi-Fi, kwamfutar kuma tana ta aika tambayoyinta ga sabar da ba ta iya kaiwa gare ta.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Na shiga saitin IPv4, na sa 1.1.1.1 a gurbin farko na sabar DNS, sannan na rubuta ipconfig /flushdns domin a goge tsofaffin amsoshin da kwamfutar ta adana, shafuka suka fara buɗewa.

Cloudflare ya ƙaddamar da sabis ɗin ranar 1 ga Afrilu, 2018, tare da haɗin gwiwar APNIC, hukumar da ke raba adireshin IP a yankin Asiya da Pasifik, kuma kyauta ne, ba ya buƙatar rajista. Abin da ya fi burge ni shi ne sauƙin tuna lambar, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da intanet ɗinsa ya yanke, ba shi da hanyar bincika komai. Akwai kuma 1.1.1.2 mai toshe shafukan da ke yaɗa manhajoji masu cutarwa, da 1.1.1.3 mai ƙarawa da toshe shafukan batsa, wanda nake ganin ya dace da kwamfutar da yara ke amfani da ita.

Sai dai dole mai karatu ya san iyakarsa. Idan ping ɗin farko bai amsa ba, sauya sabar sunaye ba zai amfana da komai ba, domin galibi matsalar tana wajen rauta, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, ko kamfanin layi. Haka nan a Wi-Fi na otal ko filin jirgin sama, inda sai shafin shiga ya bayyana kafin a ba mutum hanya, adireshin da aka sa da hannu kan hana shafin fitowa, sai an mayar da saitin ya riƙa karɓa da kansa. A hanyar sadarwa ta wurin aiki ma ban ba da shawarar a sauya ba, saboda sunayen sabobin cikin gida ba a san su a waje ba.

Cloudflare yana ba da 1.0.0.1 a matsayin na biyu, amma ni ban sa shi ba. Ranar 14 ga Yuli, 2025, sabis ɗin ya tsaya na kimanin awa guda a faɗin duniya, don haka na fi son gurbi na biyu ya kasance na wani kamfani dabam, na sa 8.8.8.8 na Google, wanda ke aiki tun Disamba 2009.