Kayak na Zama a Sama ko na Shiga Ciki: Wanne Ya Dace da Sabon Shiga?

Kayak ƙaramin kwale-kwale ne da ake tuƙawa da filafili mai kai biyu. Asalinsa daga mutanen Inuit ne na yankin Aktik mai ƙanƙara a ƙarshen arewacin duniya, waɗanda suke farauta da shi. Mai son koyo yakan tarar da iri biyu.

Na farko, ana zama ne a samansa, ƙafafu a waje. Yawanci yana da faɗi, don haka ba ya saurin kifewa. Akwai 'yan ramuka a gindinsa da ruwa ke zurarewa ta cikinsu, ba sai an kwashe ba. In ya kife da kai, ka juyo shi ka sake hawa, shi ke nan. Aibinsa, dole ka jiƙe, kuma nauyinsa da faɗinsa kan rage masa gudu.

Na biyu, ana zura ƙafafu ciki har kugu. Ya fi tsaga ruwa, yana kare mutum daga sanyi da iska, gwiwoyi kuma na dafe jikinsa su taimaka wajen sarrafa shi. Sai dai in ya kife, ruwa ne zai cika shi. Dole ka koyi zamewa ka fito, sannan ka kwashe ruwan, kuma wannan ba aikin rana ɗaya ba ne.

A ganina, wanda zai fara a tafki mai kwanciya lokacin zafi, na sama ya fi masa. Mai shiga ruwan sanyi ko doguwar tafiya ya nemi na ciki, tare da malami. Kowanne ka ɗauka, sa rigar da ke hana nutsewa, ko da ka iya iyo, kuma kada ka fita kai kaɗai.