Kwana biyar a horon mhGAP

Shekara takwas ina aikin jinya a ƙaramin asibiti kafin a tura sunana horon mhGAP. Shiri ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, domin ma'aikatan lafiya irinmu, da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba, mu iya gane matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa tun a ɗakin duba marasa lafiya mu kuma fara kula da ita. Littafin jagorar ya fara fitowa a 2010, mu da bugu na biyu na 2016 aka horar da mu.

Da safe lacca ce, kuma ba laifi. Amma abin da ya ratsa ni shi ne kwaikwayon da ake sa mu yi da rana. A rana ta biyu wata abokiyar aiki ta fito a matsayin matar da ta zo da ciwon kai da rashin barci. Na yi yadda na saba: na auna jininta, na jawo takarda zan rubuta maganin ciwon kai. Malamar ta dafa teburin ta ce, "Sista, kin tambaye ta yaushe rabon da ta ji daɗin wani abu?" Na tambaya. Ta ce in ci gaba, in tambaye ta ko ta taɓa tunanin kashe kanta. Wallahi bakina ya yi nauyi, alhali na san wasa ne. Da ma a raina ina ganin wanda aka yi wa wannan tambaya kamar an nuna masa hanya ne. Sai aka bayyana mana cewa tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma mutum sauƙi yake ji da ya samu wanda zai faɗa wa. Sau huɗu na maimaita kafin muryata ta daina rawa.

Tsarin littafin ma ya yi mini. Kafin a ce ciwon damuwa ne, sai alamun sun kai aƙalla mako biyu, an kuma duba ko ƙarancin jini ne ko matsalar thyroid (gaɓar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo) ke jawo kasalar. Kafin a ba da magani, a tambaya ko mutum ya taɓa shiga wani yanayi na zumuɗi fiye da kima, ba barci, ga surutu, domin maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar da wannan. Na kuma koyi kada a damƙa wa mai tunanin kashe kansa maganin damuwa na amitriptyline da yawa, saboda haɗarinsa idan aka sha ya wuce ƙa'ida. A farfaɗiya kuwa, jijjigar da ta wuce minti biyar ta zama ta gaggawa, kuma ana kauce wa maganin farfaɗiya na valproate ga macen da za ta iya ɗaukar ciki.

Inda horon ya gaza shi ne lokaci. Matsalolin yara da matasa da ciwon mantuwa na tsofaffi duk a yini ɗaya aka cusa su, muka fito kanmu ya ɗau zafi. Abin da ya fi damuna kuma, shirin kansa ya tanadi a riƙa bibiyar wanda aka horar a wurin aikinsa. Masu shiryawa sun yi mana alkawarin mai duba mu duk wata, yau wata shida ba wanda ya leƙo. Manhajar littafin da ke wayata tana taimakawa, sai dai ba za ta zauna gefena ta ce na katse majinyaci da wuri ba.

Duk da haka zan ce wa kowace ma'aikaciyar jinya ta je idan ta samu dama, amma ta tambaya tun ranar farko wa za ta kira idan abu ya fi ƙarfinta. Mu huɗu da muka haɗu a can yanzu muna waya duk ƙarshen mako, kowa ta kawo abin da ya ɗaure mata kai ba tare da ambaton sunan kowa ba.