Ruwan furen bailasan: kwalbar da Hajiya ta kira humra

Shekara 11 ke nan ina haɗa abin sha na biki a nan Jidda. Zobo, kunun aya, lemun tsamiya, lemun citta, duk wanda aka yi suna ko walima a wajen Karantina da Sabil ya san jarkokina. To ranar da 'yar yayana, wadda za a ɗaura wa aure bayan ƙaramar salla, ta zauna a gefen katifata ta ce, "Gwaggo, don Allah kar ki ji haushi, ni fa ba na son zobo kaɗai a bikina," sai da na ajiye wayar hannuna na kalle ta da kyau.

Wai abin da take so shi ne wani ruwan fure da ta sha a wani gidan kofi a titin Tahliya. Har da ƙarin bayani, wai da shi da lemun tsami aka ɗanɗana kek ɗin auren Yarima Harry na Ingila a 2018. Na ce to, mu da ba mu gaji sarauta ba fa? Ta yi dariya. Kwana biyu sai ga ta da kwalba a leda.

Larabawa suna kiran bishiyar bailasan, Turawan Ingila kuma suna ce wa furen elderflower. Ba ta ƙasarmu ba ce. A Turai take fitowa a bakin gonaki da gefen hanya, tana yin fure sau ɗaya a shekara, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, ƙananan furanni farare masu ɗan ratsin ruwan madara, a cure wuri guda kamar faifai. Su ake jiƙawa da sukari da lemun tsami a tace. Kwalbar da aka kawo mini rabin lita ce, daga Ingila, an saye ta riyal 30 da 'yan kai a wani babban kanti. Ba zan kama sunan kamfani ba tunda ba biyana suka yi ba.

Tun kafin mu buɗe ta rigima ta tashi. Ƙanin amarya ya buga sunan a wayarsa, hoton da ya fara fitowa na wata doguwar kwalba ce mai tsaga-tsaga kamar ta turaren Faransa, a ƙasa an rubuta giya. Ya kai wa mahaifiyata. Hajiya ta fito da carbi a hannu tana salati: "Giya za ku shigo mini da ita gida? A ƙasar Manzo?" Da ƙyar muka zaunar da ita.

Yaron bai yi ƙarya ba. Akwai giyar da ake yi da wannan furen, wadda ta fi suna ita ce St-Germain. Wani Ba'amurke, Robert Cooper, ya fito da ita a 2007, a Faransa ake yin ta, kashi 20 cikin 100 nata barasa ne, kamfanin Bacardi kuma ya saye ta a 2013. Ita ce ta sa sunan furen ya zagaye duniya. Amma tun kafin a san da ita matan karkara a Ingila da Suwidin suna dafa nasu na sukari zalla su ajiye wa yara, shi ne kuma wanda ke gabanmu. Na karanta wa Hajiya bayan kwalbar da Larabci: ruwa, sukari, fure, lemun tsami. A nan Saudiyya hankali kwance tunda ba a sayar da giya a kantunan da kowa ke shiga. Wanda ya kamata ya buɗe ido shi ne mai sayayya a filin jirgin wata ƙasa ko ta intanet. In ka ga an rubuta liqueur, ko alamar kashi kaza cikin ɗari na barasa a jikin kwalba, mayar da ita inda ka ɗauko. Wanda aka rubuta syrup, ko cordial marar barasa irin na Ingila, shi ne namu.

Da na murɗe murfin, ƙamshi ne ya fara dukan hancina. Ba na wardi ba ne, ba kuma na kadi da mutanen Hijaz ke ɗigawa a ruwan sha ba. Wani abu ne tsakanin farin inabi da zuma, da ɗan ƙamshin ciyawar da aka yanka da asuba. Kwalbar ta ce kashi 1 na sirof a zuba masa kashi 10 na ruwa. Ni da na saba da hannun zobo sai na ga ai wannan rowa ce, na tuttula kusan kashi 1 cikin 4. Na miƙa wa Hajiya kofi. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Ke, humra kika dama mini?" Na kurɓa ni ma. Wallahi da gaskiyarta, kamar ka lashi wuyan amarya.

Laifina ne. Abin nan ƙamshi ake saya, ba ɗanɗano ba, kuma ƙamshi in ya yi yawa hawa kai yake. Da na koma awon da suka ce, da ruwan soda mai sanyi ƙarara, na matse rabin lemun tsami, na murza ganyen na'ana'a uku a tafin hannu na jefa, sai abin ya zama wani abu daban. Ba ya cika ciki, ba ya barin danƙo a harshe, kuma a zafin Jidda mai gumi ɗin nan yana sauka har ƙafa. Mutanen arewacin Italiya suna da irin wannan haɗi da suke kira Hugo, sai dai su giyar inabi mai kumfa suke zubawa inda na zuba soda.

Daga nan na shiga gwaje-gwaje, har na kusa cinye ribar bikin. A kunun aya bai yi ba ko kaɗan, ayar ta danne shi, lemun tsamin da ke cikinsa kuma ya sa kunun ya fara tsinkewa. A lemun citta ɓata kuɗi ne, yaji ya cinye ƙamshin. Jan zobo mai kanumfari ma haka. Inda ya ba ni mamaki farin zobo ne, irin wanda 'yan Sudan ke kawowa. Na jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana, ban tafasa ba, ban sa kanumfari ko citta ba, na rage sukari sosai tunda sirof ɗin da nasa zaƙin, sannan na zuba cokali 4 a kowace lita. Tsamin zobon ya riƙe zaƙin, ƙamshin ya hau sama ya zauna. Launin ma kamar ruwan zinare marar duhu. Amarya ta sha ta yi shiru, can ta ce, "Gwaggo, wannan ya fi na Tahliya." Ban ce komai ba, amma na ji daɗi.

Abin da ya sasanta Hajiya da kwalbar kuwa labari ne. Jikar tata ce ta ba ta. Wai mutanen Denmak na da sun yarda akwai wata tsohuwa da ke zaune a cikin bishiyar, suna kiranta Hyldemoer, wato uwar bailasan. Ba a sare reshe sai an nemi izininta. In aka sassaƙa gadon jariri da icen, sai ta zo da dare ta riƙa jan ƙafar yaron. A Ingila kuma ba a sa icen a murhu, wai yana kiran Shaiɗan, amma ana son bishiyar a kusa da gida don ta kori mayu. Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Ashe su ma suna da tsamiyarsu!" Ta shiga ba mu labarin tsamiyar bayan gidansu a can gida, wadda ba a bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana ko da magariba, da yadda kakarta ke cewa a yi sallama kafin a tsinki ko ɗa guda. Ta rufe da cewa duk camfi ne, Allah ya tsare mu, amma sai da muka kai sha ɗayan dare tana zuba.

Wataƙila tsoron nan yana da tushe. Ganyen bishiyar da ɓawonta da ɗanyun 'ya'yanta suna da guba mai sa amai da murɗar ciki, 'ya'yan sai an dafa ake ci. Furen ne lafiyayye.

Maganar kuɗi: kwalba ɗaya tana ba da lita 5 da ɗoriya, wato ta fi Vimto tsada nesa ba kusa ba. In an buɗe sai firji, kuma kar a bar ta ta yi watanni. Ga bikin mutum 200 ba zan yi shi zalla ba, sai dai a cikin farin zobo, a teburin amarya da ƙawayenta. Da azumi kuwa ban ga abin da zai ture Vimto da sobiya daga kan ledar buɗa-baki ba, mai ƙishirwar wuni guda abu mai nauyi yake nema.

An yi biki, na kai jarka 2 na farin da jarka 6 na jan zobo. Farin ya ƙare kafin a shigo da amarya. Ragowar kwalba ta uku tana ƙofar firjinmu, kuma jiya na lura ta ragu da kusan yatsa biyu. Na tambayi yara, kowa ya rantse. Hajiya dai tana kan darduma, kofin shayinta a gefe, ɗakin kuma yana ƙamshin humra.