Indian Coffee House: gidan abincin da ba shi da oga

'Yan uwa masu zuwa Indiya karatu ko rakiyar mara lafiya, in Allah ya kai ku ku nemi wani gidan abinci da ake kira Indian Coffee House ku shiga ko da gahawa ce kofi ɗaya ku sha. Suna da rassa wajen 400 a faɗin ƙasar, kuma duk yawan nan ba na wani attajiri ba ne, ba na gwamnati ba ne, na ma'aikatan da ke aiki a ciki ne. Wanda ya kawo maka abinci da wanda ya soya da wanda zai wanke farantin bayan ka tashi, su ne masu wurin.

Reshen da na fi sani shi ne na Thiruvananthapuram babban birnin jihar Kerala, nan unguwar Thampanoor dab da tashar jirgin ƙasa da tashar mota, ba yadda za a yi ka ɓata don ginin kansa ya fita daban. Jan bulo ne zalla a murɗe ya yi sama, wani maginin Ingila mai suna Laurie Baker da ya ƙare rayuwarsa a Kerala shi ya zana shi. Ciki babu matattakala, hanya ce ɗaya mai gangare take ta zagayawa har sama, tebura da bencina a jere jikin bango kowane tebur ya ɗara na bayansa tudu kaɗan, sannan maimakon tagar gilashi sai aka bar ƙananan ramuka a jikin bulon, iska na shigowa ta nan da haske har da hayaniyar motocin tasha. Masu kawo abinci kuma fararen kaya suke sawa da ɗamara mai faɗi da wani rawani mai tsayi da bakinsa ya buɗe ya yi fiffike, haka za ka ga dattijo da furfurarsa yana hawa gangaren nan yana sauka da tire cike da kofuna wuni guda ko ɗigo bai zubar ba.

Abincin ba wani na ƙawa ba ne, abincin talaka ne mai tsabta da araha. Abin da na fi so shi ne masala dosa, ɗan uwan sinasir ɗinmu ne, ƙullin shinkafa da wani irin wake da ya kwana ya yi ɗan tsami, sai dai su suna baza shi ya yi siriri ya yi ƙus-ƙus su naɗe dankali a ciki. Na Kerala in ka buɗe za ka ga cikin ja ne, kada ka tsorata, wani jan tushen kayan lambu suke haɗawa da dankalin kuma an san su da haka. Akwai wainar ƙwai da burodi, akwai vada, wani irin ƙosansu, da ake tsomawa a miya. Suna da nama amma ni kan ƙwai da kayan lambu nake tsayawa, wanda ke son nama ya tambayi yanka tukuna kamar yadda muke yi ko'ina a ƙasar. Gahawar da madara da suga take zuwa a farin kofi da ɗan faranti, ba ta da kumfa da zane-zanen nan na manyan shaguna, kuɗin kofi ɗaya a Starbucks zai saya maka da yawa a nan har ka haɗa da dosa. Kuma ba mai korar ka, ka zauna da jarida ko ku yi ta musu da abokai ba wanda zai zo ya tsaya maka a ka.

Toh yanzu yadda aka yi wurin ya zama na ma'aikata, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan. Tun zamanin Turawa a 1936 aka fara buɗe gidajen don tallata gahawar Indiya, hukumar gahawa ta ƙasar ce ke riƙe da su. Bayan 'yancin kai, a tsakiyar shekarun 1950 sai hukumar ta ce za ta rufe ta sallami ma'aikata. Nan ne A. K. Gopalan, ɗan Kerala kuma jigo a jam'iyyar kwaminis ta Indiya, ya tsaya musu ya ce maimakon kowa ya kama gabansa me zai hana ku haɗu ku karɓi wuraren ku gudanar da kanku, ai dama ku ke yin aikin. A 1957 aka kafa ƙungiyar gama-kai ta farko a Bangalore, a shekarar aka buɗe reshen Delhi, na Kerala ya biyo a Thrissur a 1958. Shi ya sa a rassan Kerala za ka ga hoton Gopalan a bango. Yau ƙungiyoyi 13 ne ke riƙe da rassan, ma'aikata su ke zaɓen kwamitin da ke shugabantarsu daga cikinsu, kuma a ƙa'ida daga ƙasa kowa ke farawa, manajan da ka gani zaune gaban akwatin kuɗi shi ma ya taɓa goge tebur.

Wallahi abin nan yana tsaya min a rai saboda a 1957 ɗin nan dai masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta fara aiki a Kakuri cikin Kaduna, da ta tsaya a 2002 dubban mutane suka koma gida, waɗansu har suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Na san masaƙa ba gidan gahawa ba ce, tana son wuta da auduga da jari mai nauyi, ban ce abu ɗaya ba ne. Amma mu ko a zance ba mu cika kawo yiwuwar ma'aikata su karɓi wuri ba, an riga an dasa mana a kai cewa in babu mai kuɗi a sama to komai watsewa zai yi, wai kayan jama'a ba ya albarka. Jari-hujja ta fi ƙarfi a nan, a cikin kawunanmu, ta sa mun ɗauka haka Allah ya halicci duniya dole a samu mai jari da mai ƙwadago. Ga wasu nan kusan shekara 70 suna soya dosa babu oga kuma kullum da safe suna buɗe ƙofa.

Masana sun daɗe suna musu kan irin wannan. Karl Marx a 1864 ya yaba wa masana'antun gama-kai na ma'aikatan Ingila, a ganinsa sun nuna a aikace cewa za a iya sarrafa kaya da yawa ba tare da ajin iyayen gida ba, amma ya ƙara da cewa muddin 'yan tsiraru ne nan da can ba za su 'yanta talakawa ba sai abin ya game ƙasa. Rosa Luxemburg ta fi shi zafi, ita cewa ta yi ƙungiyar gama-kai a tsakiyar kasuwar jari-hujja tana cikin tarko, ko dai ma'aikatan su matsa wa kansu kamar yadda mai jari zai matsa musu don su iya gasa, ko kuma su durƙushe. Kuma gaskiya in ka duba za ka ga wani abu na maganarta, gahawa da gas da kuɗin haya duk a kasuwa ɗaya suke saya da kowa, tun da kamfanin shagunan gahawa na Café Coffee Day ya fito a 1996 sannan Starbucks ta shigo a 2012 matasa masu kuɗi can suka karkata. Sannan zama babu oga bai wanke su daga komai ba, a Kerala sai wajajen 2019 suka fara ɗaukar mata aiki, shekara 60 kenan maza zalla. Duk da haka ni ban bi Luxemburg har ƙarshe ba, don ba su durƙushe ba kuma ba su zama azzaluman kansu ba, mutum yana shiga aikin yana saurayi ya tsufa a ciki ya aurar da 'ya'yansa, a harkar gidan abinci da aka saba korar yaro ranar da oga ya tashi da fushi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba zai kifar da jari-hujja ba, na yarda, amma wanda bai taɓa ganin wuri irin wannan da idonsa ba da wuya ya iya hango wani tsari daban balle ya yi fafutukarsa.

Wanda ke gaggawa ko yake neman wurin ɗaukar hoto mai sanyin esi ba nan ne wurinsa ba. In Kolkata kake, reshen College Street ne sananne, daura da jami'ar Presidency, inda marubuta da ɗalibai 'yan gwagwarmaya suka yi shekaru suna zaman hira da gardama. In kuma Delhi kake kamar yawancin mutanenmu masu zuwa asibiti, tsohon reshen Connaught Place da 'yan adawa ke taruwa an rushe shi a 1976 lokacin dokar ta-ɓacin Firaminista Indira Gandhi, wanda ake zuwa yanzu yana saman ginin Mohan Singh Place a titin Baba Kharak Singh, ka hau sama ka zauna a fili, sai dai ka riƙe farantinka da kyau don akwai birai a wajen.