Matashin da ya haɗa mana fayil ɗin sikeli ya iya aiki, amma ranar Talatar nan ba ta fita raina ba

Ni ke riƙe da lissafi a wani injin casar shinkafa da ke kan hanyar Argungu in ka fito daga Birnin Kebbi. Manhajar da muke auna shanshera da ita a kan Linux take, kuma kowane irin sikeli yana da ɗan fayil nasa mai ƙarewa da .so, wanda manhajar ke ɗaukowa da dlopen, wato umarnin loda irin wannan fayil, idan ta tashi. Gab da girbin noman rani Alhaji, mai injin, ya sayo sabon sikeli, sai ya zama dole a rubuta masa nasa fayil ɗin. Masu sikelin sun haɗo mana da laburarensu, wato kundin ayyukan manhaja da suka riga suka rubuta, irin mai ƙarewa da .a. Na ɗan taɓa yaren rubuta manhaja na C a makaranta, amma ban kai in ɗauki wannan nauyi ba, shi ya sa na ba wani matashi da ke irin wannan aiki a cikin gari. Kuɗin da ya nema, kun dai san abin da ake karɓa yanzu, ban yi ciniki ba.

Kwana huɗu ya kawo. Muka ɗora buhu, lamba ta fito daidai, muka sake ɗora wani, ta fito. Na biya shi cikon kuɗinsa nan take.

Ranar Talata tun kafin hantsi motoci uku suka iso daga wajen Suru, ga masu amalanke a bayansu. Na auna kashin farko lafiya lau. Ina danna wurin cire nauyin buhunan banza, manhajar ta ɗauke ɗif, ta bar mini layi ɗaya a baƙin allo: "symbol lookup error", sai "undefined symbol" da wani suna a gabansa. Na sake kunnawa, ta tashi kamar ba abin da ya faru, na sake dannawa, ta sake mutuwa. Sau biyar ina yi. Wani dattijo da ya kawo buhu arba'in ya leƙo ta taga ya ce, "Yaro, in na'urarku ta gaji ku auna mana da hannu mana, rana tana yi." Haka muka koma biro da littafi, ina lissafi gumi na ɗiga a kan takarda, Alhaji na tsaye a kaina bai ce uffan ba, wanda ya fi mini faɗa ciwo. Na kira matashin nan har sau tara, wayarsa na shiga ba ya ɗagawa. Sai bayan la'asar ya ɓullo a kan mashin.

To a nan ne ya ba ni mamaki, kuma gaskiya dole in faɗe ta. Bai yi musu ba, bai ce laifin sikeli ne ko na wuta ba. Ya zauna ya buga nm -D, umarnin da ke jero sunayen ayyukan da ke cikin fayil, a kan fayil ɗin, ya juyo mini da allo ya ce, "Yaya, dubi nan." Kowane suna akwai harafi a gefensa. Waɗanda ke da T suna cikin fayil ɗin, waɗanda ke da U kuwa nema ake daga waje. Sunan da ya kashe mu yana nan zaune da U, alhali a cikin laburaren masu sikeli yake. Ya ce kuskurensa ne wajen jera umarni: ya sa laburaren a gaban fayil ɗin .o nasa, wato ɓangaren da shi ya rubuta. Shi mai haɗa fayilolin, wato shirin kwamfutar da ake kira linker, daga hagu zuwa dama yake karantawa, kuma daga laburaren .a ba ya cirar komai sai abin da aka riga aka nema. Da ya iso kansa babu wanda ya nemi komai tukuna, sai ya wuce. Sannan idan ana haɗawa da -shared, wato umarnin fitar da fayil ɗin .so, ba ya ƙorafi a kan sunan da bai gani ba, yana ɗauka za a same shi lokacin aiki.

Na tambaye shi, to me ya sa ta yi aiki ranar da muka gwada? Ya ce karanta nauyi shi ya rubuta da kansa, cire nauyin buhu ne kaɗai ya jingina da laburaren, kuma manhajarmu da RTLD_LAZY take ɗauko fayil, wato ba ta neman aiki sai ranar da aka kira shi. Mu kuwa ba mu taɓa wancan maɓallin ba. Bai kai minti ashirin ba ya mayar da laburaren baya, ya ƙara -Wl,--no-undefined domin haɗawar ta tsaya cak idan wani suna ya ɓace, ya canza RTLD_LAZY zuwa RTLD_NOW domin a nemo komai tun da manhajar ta tashi, ya sa dlerror ta riƙa rubuta dalili a allo tun da safe maimakon a tsakiyar awo. Har ya gano wata matsalar da ba ta kai ga fashewa ba: akwai sassan laburaren da ke yi wa kansu rajista, ba wanda ke kiransu kai tsaye, su ma an zubar da su. Ya kewaye laburaren da --whole-archive da --no-whole-archive suka dawo. Ban taɓa samun wanda ya yi mini bayanin wannan abu na gane shi sarai kamar yadda yaron nan ya yi ba. A daren na so in ce wa kowa ya neme shi.

Amma da na kwanta abin ya dawo mini. Mutumin da ya san duk wannan a ka, me ya hana shi buga nm ɗin nan kafin ya karɓi kuɗina? Layi ɗaya ne fa. Ko ldd -r ya buga, da ta lissafo masa abin da ya ɓace. Ya sani, gaggawa ce kawai ta sa bai duba ba, ni kuma na sha kunya a gaban mutanen da suka haife ni. Maganar waya ma har yanzu tana ci mini rai. Ya ce yana wani aiki ne a Jega. Na yarda, amma saƙo ɗaya na "ina zuwa" ba zai ci masa komai ba. Kuma sai da na roƙa sau biyu kafin ya bar mini Makefile ɗin, wato fayil ɗin umarnin haɗawar, a kwamfutarmu, kamar ba mu muka biya ba.

Tun daga ranar sikelin bai sake tsayawa ba, mun wuce girbin gaba ɗaya da shi. Alhaji na maganar sayen na biyu, kuma matashin nan zan sake ba aikin, sai dai wannan karon ba zai ga cikon kuɗi ba sai mun danna kowane maɓalli tare, da buhu a kan sikeli. Dattijon nan mai buhu arba'in kuwa, an ce mini sauran shinkafarsa wani injin ya kai.