Labaran Aljanu Na Sauraro: YouTube, Mai Turi Ko Guruf Na Kuɗi?

Labaran aljanu, mayu da fatalwa da ake karantawa a murya sun cika gari, kuma duk ƙofar da ka bi sai ka biya, ko da data ko da kuɗi a hannu.

YouTube ta fi ko'ina kaya. Sunanta kyauta, amma hoton dodon nan da ke tsaye a fuskar waya har labari ya ƙare bidiyo ne, data yake sha. Ka mai da shi 144p, wato hoto mafi ƙarancin inganci, tunda kunne ke aiki. Babban cikas ɗin shi ne da ka kashe fuskar wayar sai muryar ta ɗauke, in ba Premium, tsarin YouTube na kuɗi, kake biya ba, alhali irin wannan labari a duhu yake daɗi.

Mai ƙaramar waya, masu turi, wato masu tura kaya a waya ko memori a biya su, sun fi masa, irin na Farm Centre a Kano ko na bakin tasha. Awa guda ta MP3 a 64kbps ba ta kai megabait 30 ba, memori mai 2GB zai ɗauki sama da awa 60. Sai dai kafin ka miƙa kuɗi, sa a kunna maka kashi na ƙarshe. Sau da yawa an kai ka har bakin rijiyar da ake jin kukan jariri, sai ka tarar cigaban babu. Kuma a wannan ciniki marubuci da mai karatu ba sa ganin ko sisi.

Guruf na kuɗi a WhatsApp ko Telegram shi ne inda kuɗinka ke isa ga mai aikin, kuma ni nan na fi karkata. Sharaɗina ɗaya: gajerun labarai kammalallu. Dogon labarin da ake sakowa kashi-kashi, in mai shi ya gaji ko wayarsa ta lalace, kuɗinka ya tafi.

Duk inda ka zaɓa, saurari minti biyar na farko da iyafis. Muryar na'ura takan tafi ɗoɗar, ba ta san inda ake yin shiru ba, ga karin harshe a karkace, har abin tsoro ya koma abin dariya. Akwai kuma masu lafta kiɗa da ihu har magana ta nutse. Mai karatu ɗaya da ya iya sassauta murya, da ɗan motsin ƙofa can nesa, ya fi taron 'yan wasa da aka naɗa a ɗaki mai amsa kuwwa.

Mai jin Turanci yana iya leƙa shirye-shiryen murya na labaran tsoro a intanet: Pseudopod, da ke fitowa tun 2006, ko The NoSleep Podcast tun 2011. Ana iya sauke su, daga baya a saurara ba data. Naɗinsu tsaf yake, amma fatalwarsu ta gidajen Turawa ce, ba ta gindin tsamiya ba.