Rumbun Bayanai na EAWAG-BBD: Amfaninsa da Iyakarsa ga Mai Nazarin Bakteriya Masu Cin Guba

Lynda Ellis da Larry Wackett ne suka kafa wannan rumbun bayanai a Jami'ar Minnesota ta Amurka a shekarar 1995, daga baya cibiyar binciken ruwa ta Eawag da ke Suwizalan ta karɓi ragamarsa. Kyauta ake shiga ta intanet, kuma aikinsa shi ne nuna, mataki bayan mataki, yadda ƙwayoyin bakteriya ke farfasa sinadarai masu guba.

Inda ya fi burge ni shi ne shafin atirazin, maganin kashe ciyawar da ke gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mai karatu zai ga yadda enzayim (furotin mai hanzarta sauya sinadarai) ɗin AtzA na bakteriyar Pseudomonas, nau'in ADP, ke fara cire sinadarin kulorin, sannan AtzB da AtzC su ci gaba da yanke rassan da ke jikin sinadarin har a kai ga asid ɗin sayanurik, wanda daga bisani ake rusa shi zuwa amoniya da iskar kabon. An haɗa matakan da binciken da aka wallafa a kansu, abin da ke ba ɗalibi damar komawa tushe ya tabbatar da kansa.

Sai dai wanda ya zo neman ilimin ƙwayoyin gado zai tarar rumbun ya fi karkata ga sinadarai da enzayim. Alhali babban labarin yana cikin gadon ne: ƙwayoyin gadon atzA, atzB da atzC, masu samar da enzayim ɗin nan uku, suna zaune a kan filasmid mai suna pADP-1, wani zoben DNA da ke iya ƙaura daga wata bakteriya zuwa wata, kamar yadda filasmid ɗin pWW0 ke ɗauke da ƙwayoyin gadon xyl masu rusa toluwin, wani sinadari da ke cikin man fetur. Haka kuma amino asid (tubalan ginin furotin) 9 kacal suka bambanta AtzA da enzayim ɗin TriA mai aiki a kan melamin, sinadarin da ake haɗa roba da shi. Domin irin wannan bayani, dole a haɗa da GenBank, rumbun bayanan jerin DNA, da mujallun bincike.

Akwai kuma manhajar hasashe, wadda ake ba ta tsarin sinadari ta zayyano hanyoyin da zai iya rushewa. Tana da amfani, amma takan fito da rassa masu yawa fiye da waɗanda ke faruwa a zahiri, don haka ina ba da shawarar kada a dogara da sakamakonta sai an gwada shi a ɗakin gwaji.